Muhawara: Hayar sunan kamfani, wa ke cin riba, wa ke ɗaukar asara?

Baban Khadija:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai mako biyu ke nan. Kamar yadda wasunku suka sani, na ajiye aiki bara, kuma kuɗin sallamata sun shigo hannu. Wani kamfanin sayar da soyayyar kaza da shinkafa da ke Legas ya yi mini tayin in buɗe reshe da sunansa a nan Kaduna, bisa tsarin nan da ake kira faranchayis, wanda ni dai na fi gane shi da hayar suna. Sharuɗɗansu su ne in biya kuɗin shiga sau ɗaya, in kama wuri in gyara shi daidai da fasalin da suka zana, in sayi injinan suya da firji daga inda suka nuna mini, sannan kowane wata in ba su kashi 6 cikin 100 na cinikin da na yi, da ƙarin kashi 2 na talla. Su kuma za su ba ni suna da tambari, su horar da ma'aikatana, su ba ni littafin yadda ake tafiyar da aiki, su kuma riƙa turo mai dubawa. Wa'adin yarjejeniyar shekara 10 ne. Har na ga wani shago da ya kwanta mini a kan titin Isa Kaita. Uwargida dai tana ganin gara in buɗe nawa da sunana in huta da biyan wani, ni kuwa ina tsoron shiga sana'ar da ban taɓa yi ba ba tare da jagora ba. Don Allah wanda ya san kan abin ya haska mini.

Dakta Habu:
Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya sanya albarka a abin da aka samu. Kafin a kai ga shawara, yana da kyau mu fahimci cewa wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu, sunansa ne kawai baƙo. Duk wanda ya taɓa shan lemon kwalba a garin nan ya yi hulɗa da shi. A 1899 kamfanin Coca-Cola ya ba wasu lauyoyi biyu na garin Chattanooga a Amurka izinin ɗura lemonsa a kwalba, shi kuma ya riƙe sirrin haɗin da sunan. A kan wannan turba aka kafa Nigerian Bottling Company a 1951, haka kuma masana'antar Seven-Up da muke da ita a nan Kaduna da izinin masu sunan take aiki. Gidajen mai da yawa ma haka suke, allon na babban kamfani ne, amma filin da jarin na wani attajiri ne ɗan gari.

Nau'in da aka yi muku tayi shi ne wanda ya wuce hayar suna kaɗai, domin ana ba mutum tsarin aikin gaba ɗaya. Wanda ya fi shahara da shi shi ne McDonald's. Ray Kroc ya buɗe reshensa na farko a 1955 da izinin wasu 'yan'uwa biyu masu asalin sunan, ya kuma saye kamfanin daga hannunsu a 1961 a kan dala miliyan 2.7. A yau rassansa sun haura 40,000 a duniya, kuma kusan kashi 95 cikin 100 ba kamfanin ke tafiyar da su ba, masu haya ne. Amfaninsa ga tattalin arziki a fili yake. Akwai mai ilimin sana'a wanda jarinsa bai kai ya cika ƙasa da rassa ba, akwai kuma mai jari kamar ku wanda bai san sana'ar ba, sai tsarin ya haɗa su, kuɗin da da za su kwanta a banki ko a fili su koma albashin matasa da cinikin manoma. Wannan shi ne kyakkyawan ɓangaren, kuma ba ƙarami ba ne.

Alhaji Ɗan'azumi:
Dakta, abin da ka faɗa gaskiya ne a littafi, amma ni na yi abin da hannuna, shekara huɗu, a Barnawa, kuma ina roƙon Baban Khadija ya saurare ni da kyau. Ba zan ambaci kamfanin ba, domin ba tonon silili ya kawo ni ba.

Shekarar farko ban ga aibu ba. Ranar buɗewa layi ya kai bakin titi, saboda mutane sun san sunan tun daga Abuja da Legas, abin da da sunana ne da sai na shekara ina roƙon a ɗanɗana. Matsalar ta fara ne daga sharaɗin da na karanta na wuce ban tsaya a kansa ba, wato cewa garin da ake barbaɗa wa kaza, da kwalayen zuba abinci, da ledoji, har da man suya, dole daga ma'ajiyarsu zan saya. Akwai makon da motarsu ta maƙale a hanya kwana biyar, mai ya ƙare, na aika yaro Kasuwar Gumi ya sayo jarka shida na mai mai kyau don kada in rufe shago. Kwana biyu bayan haka mai dubawarsu ya zo, ya shiga sito, ya ɗaga jarka ɗaya ya ɗauki hotonta, bai ce mini uffan ba. Cikin mako takardar gargaɗi ta iso, wai na karya yarjejeniya, ba a kuma ambaci motar da ta makara ba ko da layi ɗaya.

Daga nan aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, naira ta faɗi, dizal da kaza da haya duk suka tashi. Na rubuta ina neman a sassauta mini kason wata, ko a bar ni in ƙara tuwo da miyar kuka da rana saboda ma'aikatan ofisoshin da ke kusa, aka ce jerin abinci ba ya canzawa. Watanni takwas ina cire kuɗi daga shagona na atamfa ina biyan albashi, amma kasonsu bai taɓa fashi ba, domin daga ciniki ake cirewa ba daga riba ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ranar da muka rabu, yara biyu suka zo da tsani suka kwance allon sunan suka sa a bayan mota, ina tsaye ina kallon ramukan ƙusoshi a bango. A nan na gane cewa shekara huɗu ina tara wa wani kwastomomi ne, domin washegari babu wanda ya san ni a wurin, kuma takardar da na sa wa hannu ta hana ni sayar da kaza a wannan yanki har shekara biyu.

Nafi'u:
Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Ina neman afuwa in yi magana a gaban manya, amma akwai ɓangaren da nake ganin bai kamata ya ɓace ba. Ni na fara aiki a irin wannan gidan abinci ne ina goge tebur bayan na gama Kadpoly, na fita ina mataimakin manaja. A can na fara ganin ana manna takarda a jikin kowace roba da ke cikin firji, ɗauke da ranar da aka buɗe ta da ranar da za a zubar. A can na ga ana soka ma'aunin zafi a cinyar kaza kafin a fitar da ita, ana rubuta awon a littafi, ana ƙirga kaya kowane dare kafin a rufe, a gwada da abin da na'ura ta ce an sayar, idan cinya uku ta ɓace sai an san inda ta shiga. Ban koyi wannan a makaranta ba, ban kuma gan shi a shagon kawuna da na taso a ciki ba, inda aljihun mai shago da akwatin ciniki abu ɗaya ne. Yanzu ina da ɗan gidan burodi a Rigasa da ma'aikata tara, kuma da wannan tarbiyya nake tafiyar da shi. Daga cikin waɗanda muka yi aiki tare, na san huɗu da suka buɗe nasu. Idan ana lissafin abin da tsarin ke ƙara wa gari, ina ganin ya kamata a sa mu a ciki, ko da mai reshen bai ci riba ba.

Alhaji Ɗan'azumi:
Na ji daɗin jin haka, ɗana, Allah ya ƙara buɗi. Sai dai ka lura, makarantar da ka yi, wani irina ne ya biya kuɗinta da jarinsa. Baban Khadija kuwa kuɗin sallama zai zuba, waɗanda ba za su sake zuwa ba.

Barista Zainab:
Assalamu alaikum. Labarin Alhaji ya taɓo ainihin inda gizo ke saƙa, wato rashin daidaiton sani tsakanin ɓangarorin biyu. Mai suna ya san rassa nawa suka rufe da dalilin rufewarsu, mai haya kuwa hoton layin ranar buɗewa kawai ake nuna masa. Saboda haka ne wasu ƙasashen da tsarin ya daɗe a cikinsu suka tilasta bayyana gaskiya kafin a karɓi kuɗi. A Amurka, tun 1979 hukumar kula da ciniki ta tarayya ta kafa ƙa'ida a kan haka, kuma a yadda take yanzu dole mai suna ya miƙa wa mai nema kundin bayani mai sassa 23, aƙalla kwana 14 kafin ya sa hannu ko ya biya ko sisi. A cikin kundin akwai shari'o'in da aka yi da kamfanin, da duk kuɗaɗen da za a biya, da adadin rassan da suka buɗe da waɗanda suka rufe, da sunayen waɗanda suka fita daga tsarin don mai nema ya tuntuɓe su. Afirka ta Kudu ma ta sa irin wannan a ƙarƙashin dokarta ta kare masu saye ta 2008, har ta ba mai haya kwana 10 na aiki bayan sa hannu ya janye ba tare da tara ba.

A nan gida ƙudirin dokar hayar suna ya sha zuwa gaban Majalisar Tarayya, amma abin da muke aiki da shi a kullum shi ne dokokin yarjejeniya na gama-gari, da dokar tambarin kasuwanci, da dokar gasa da kare masu saye ta 2018. Idan mai sunan na ƙasar waje ne, ana yi wa yarjejeniyar rajista a NOTAP, hukumar kula da yarjejeniyoyin shigo da fasaha daga waje, wadda aka kafa a 1979, kuma da takardarta ake samun damar tura kason mai suna waje ta banki. Tsakanin ɗan Legas da ɗan Kaduna kuwa, abin da ka sa wa hannu shi ne zai ɗaure ka.

Don haka, Baba, ga abin da zan roƙe ku. Ku nemi su ba ku a rubuce jerin duk rassan da suka buɗe a Arewa da waɗanda suka rufe, ku je da ƙafarku ku zauna da mutum biyu da ke ciki da mutum biyu da suka fita. Ku duba ko takardar ta keɓe muku yanki, domin idan ba ta keɓe ba, ranar da suka ga kuna ciniki za su iya ba wani izini ya buɗe a Unguwar Rimi, su su ci kaso biyu, ku ku raba kwastomomi. Ku duba me zai faru idan su ne suka gaza kawo kaya a kan lokaci, ku duba ko kuna da ikon sayar da reshen ga wani, ku kuma duba inda za a yi shari'a idan an saɓa, domin mutumin da aka ce sai ya je Legas neman haƙƙinsa sau da yawa haƙura yake yi. Idan suka ƙi ba ku jerin rassan nan, wannan ƙin ma amsa ce.

Malam Isyaku:
Bismillahir Rahmanir Rahim. Wasu sun tambaye ni ta gefe ko ya halatta a karɓi kuɗi a kan suna kawai, tunda ba abu ba ne da ake riƙewa da hannu. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar a Kuwait cikin Disambar 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari da haƙƙin ƙirƙira dukiya ce ta masu su, tana da ƙima a al'adar mutanen wannan zamani, kuma ya halatta a yi cinikinta matuƙar babu yaudara da algus da rashin tabbas mai cutarwa. Saboda haka asalin abin ba haramun ba ne.

Amma kada mu rikita shi da ƙiradi, wanda ake kira mudaraba. A ƙiradi daga riba ake rabo, idan babu riba babu rabo. Wannan kuwa ya fi kusa da haya, kuma mai gida yana karɓar hayarsa ko ɗan haya ya yi ciniki ko bai yi ba. Wanda zai shiga ya shiga da wannan sanin. Abu biyu nake so Baban Khadija ya bincika. Na farko, idan an rubuta cewa jinkirin biya yana jawo ƙarin kaso a kan bashin, wannan riba ce ta haramun, a nemi a cire ta. Na biyu, ya tabbatar da yadda ake yanka kajin da za a riƙa kawo masa, domin shi ne zai ciyar da mutane, kuma shi za a tambaya. Bayan haka, Allah ya umarce mu da cika alkawari a ayar farko ta Suratul Ma'ida, kuma wannan umarni yana kan mai suna kamar yadda yake kan mai haya. Wanda ya ɓoye wa ɗan'uwansa cewa rassa sun rufe don ya karɓi kuɗin shigarsa, ya ci haram ko da takarda ta wanke shi a kotu.

Baba Tanimu:
Allah ya gafarta Malam, mun gode. Ni tsoho ne, a Kakuri na yi rayuwata, kuma tambayata ta wuce shagon mutum ɗaya. Ina nan aka fara harhaɗa motocin Peugeot a 1975, da suna da izinin Faransawa. Na ga lokacin da idan aka tashi daga aiki a masaƙu da kamfanin motoci, kekuna da babura ke cika titi har mai mota ya rasa hanya, masu abinci da teloli da masu gidajen haya kowa yana samu. To amma yawancin sassan motar daga waje ake kawo su, don haka da naira ta fara faɗuwa daga 1986, farashin Peugeot 504 ya fi ƙarfin ma'aikacin da a da yake sayenta da bashin ofis, sannan motocin Kwatano suka cika ƙasa. Abin da na koya shi ne, sunan waje yana zama alheri gwargwadon abin da yake saya a hannun mutanen gari. Don haka nake tambayar Dakta: kazar da Baban Khadija zai soya, daga ina za ta fito? Jihar nan tana cikin manyan masu noman masara a ƙasar nan, cittar Kachia da Kafanchan har ƙasashen waje ake kai ta, ga kamfanin Olam ya buɗe masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasa a Chikun tun 2017. Idan duk da haka sai an ɗauko daskararriyar kaza da yaji daga Legas, me Kaduna ta samu ban da albashin masu goge tebur?

Dakta Habu:
Baba, tambayarku ita ce ma'aunin da ya kamata a auna kowane reshe da shi, kuma na yarda cewa bayanina na farko ya karkata ga ɓangare ɗaya. Bari in gyara da lissafi, na misali ne kawai don a ga yadda abin ke aiki. A ce reshe ya yi cinikin naira miliyan 10 a wata. Kashi 8 cikin 100 na mai suna ya kama 800,000. A ce bayan an cire kuɗin kaya da albashi da haya da wuta, abin da ya rage miliyan 1.2 ne. Idan aka fitar da kason mai suna, mai reshe ya tashi da 400,000, wato kaso da ake gani kamar ɗan kaɗan ne ya cinye biyu bisa uku na ribar. Idan a wata na gaba dizal da wuta suka ƙara lashe 500,000, mai reshe ya faɗi da 100,000, mai suna kuma 800,000 ɗinsa na nan daram. Wannan shi ne abin da ya sami Alhaji Ɗan'azumi, kuma ba sai an yi mugunta ba, ginin tsarin ne haka. A ƙasar da farashi ke zaune ana iya jure shi, amma a inda kuɗin wutar lantarki na rukunin A, wato Band A, ya tashi zuwa naira 225 kowane ma'auni a rana ɗaya cikin Afrilun 2024, wanda ke ɗauke da dukkan kuɗin gudanarwa shi ke shan wuya.

A matakin ƙasa kuma akwai bambanci tsakanin sunan gida da na waje. KFC ya shigo Nijeriya a 2009, Domino's Pizza a 2012 ta hannun kamfanin Eat'N'Go, kuma irin waɗannan kasonsu da kuɗin waje ake biya, daga cinikin da aka yi da naira. Sunan gida kamar Mr Bigg's, wanda kamfanin UAC ya fara a Marina ta Legas a 1986 ya kuma bazu ta hanyar ba da haya, kasonsa a cikin ƙasa yake zama. Sai dai ga mu 'yan Arewa, ko na waje ne ko na Legas, kuɗin barin garinmu suke yi. Ba ina cewa a ƙi su ba ne, ina cewa a yi ciniki a kan sharaɗin sayen kaya. Mai suna yana da hujjar kare ingancin abincinsa, domin wake ɗaya ke ɓata gari, reshe ɗaya mai ƙazanta yana zubar da mutuncin ɗari. Amma hanyar kare inganci ita ce ya gindaya ma'auni, ya zo ya duba gonar kaji a Mando ko Maraban Jos ya amince da ita, ba ya mai da ma'ajiyarsa wata hanyar cin riba ta biyu a kan mai haya ba.

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Tun ɗazu nake karantawa, sai na ga kamar ni a ɗaya gefen nake tsaye ban sani ba. Shekara 16 ke nan ina yin masa da miyar taushe da sinasir a Tudun Wada, Alhamdu lillahi har daga Malali da Kawo ake aiko yara da kuloli. Shekara biyu da suka wuce ɗan yayata ya roƙe ni ya buɗe wuri a Zariya da sunan shagona, na amince saboda zumunci, ba takarda ba komai, na tura masa ɗaya daga cikin 'yan matan da na koya wa. Wata shida ba a yi ba sai ga wata baiwar Allah ta same ni a bakin tanda tana cewa ta ci masata a Zariya ta ji tsami, ta ga kuma an rage girma. Da na je na tarar ya daina jiƙa shinkafar tuwo yadda nake yi, yana haɗawa da wata mai araha, yarinyar da na tura kuma ta bar wurin. Na yi magana, maganar ta koma ta dangi, har yau yayata ba ta sake mini fuska ba, kuma allon da sunana yana nan a kafe. Yanzu ga wata Hajiya daga Sabon Tasha tana so ta biya ni kuɗi ta buɗe da sunan. Ina so, domin ina da 'yan mata da zawarawa da na koya wa aiki ba su da jari, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Barista Zainab:
Yaya, kafin ki karɓi ko naira ɗaya daga hannun Hajiyar, ki fara mallakar sunan a hukumance. Mutane da yawa suna zaton rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta wadatar, alhali ita shaida ce kawai ta cewa kina kasuwanci da wannan suna. Abin da zai ba ki ƙarfin hana wani amfani da shi shi ne rajistar tambari a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki ta Tarayya, wadda ke aiki shekara 7 a karon farko, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Bayan haka ki zauna da Sadiq ya rubuta duk abin da hannunki ya sani: mudu nawa na shinkafa, awa nawa a ruwa, yis nawa, ludayi wane iri, masa nawa ke fita daga kowane kwaɓi, ƙarfe nawa ake zubar da abin da ya kwana. Wannan littafin shi ne abin da za ki ba da haya, domin suna ba tare da shi ba shi ne abin da ya faru a Zariya. Ki kuma rubuta cewa kina da ikon shiga ki ɗanɗana ba tare da sanarwa ba, da ikon sauke allonki idan an yi gargaɗi an ƙi gyarawa.

Dakta Habu:
Hajiya, abin da kike tunani yana da tarihi. Wata mata mai suna Martha Matilda Harper, wadda ta shafe shekaru tana aikatau, ta buɗe shagon gyaran gashi a Rochester ta Amurka a 1888, daga 1891 ta fara ba wasu mata izinin buɗewa da sunanta da tsarinta, yawancinsu matalauta irin yadda ta taso, har shagunan suka kai kusan 500. Mu ma muna da tushen abin a al'adarmu, inda yaron shago ke yi wa ubangidansa hidima shekaru, a sallame shi da jari ya buɗe nasa. Abin da ba mu yi ba shi ne rubuta sana'ar, shi ya sa kilishi da balangu da fura da masar da suka yi suna sukan mutu tare da mai su, ko su lalace a hannun magada.

Alhaji Ɗan'azumi:
Hajiya, ni da na ɗanɗana zama a ƙasa, roƙona gare ki ɗaya ne. Idan kin zama mai suna, kada ki ɗaura wa matan nan abin da aka ɗaura mini. Ki yanka musu kuɗi tsayayye mai sauƙi a wata, ko ki ɗauki kasonki bayan an cire kuɗin shinkafa da mai da gawayi, ki kuma bar su su sayi kayansu a kasuwar da ke kusa da su muddin sun cika ma'auninki. A nan ni da Dakta ba mu gama daidaitawa ba, domin shi yana ganin ginin tsarin ne haka, ni kuwa ina ganin mutane ne suka gina shi haka, kuma mutane za su iya gina shi ta wata fuska.

Dakta Habu:
Ranka ya daɗe, akwai dalilin da ya sa masu suna ke cirewa daga ciniki, wato ciniki yana da sauƙin tantancewa, riba kuwa mai reshe na iya ɓoye ta ta hanyar kumbura kuɗin kashewa. Amma a tsakanin mata biyar ko shida da Hajiya ta sani ta kuma koya wa aiki da hannunta, shawararku ta kuɗi tsayayye ta fi dacewa, kuma ba ta buƙatar akanta.

Baban Khadija:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yau da safe na kira wakilin kamfanin na nemi abu huɗu a rubuce: jerin rassansu na Arewa har da waɗanda suka rufe, keɓe mini yanki daga Malali zuwa Unguwar Rimi, izinin sayen kaza da mai da kayan miya a nan Kaduna bayan sun duba sun amince, da cire ƙarin kuɗin jinkiri da Malam ya yi magana a kai. Ya ce na biyu da na huɗu masu yiwuwa ne, na uku sai ya tambayi manyansa, na farko kuwa ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya ce zai duba. Na gaya masa ba zan biya kuɗin shiga ba sai na ga jerin, na kuma roƙi mai shagon titin Isa Kaita ya ƙara mini mako uku. Barista, zan kawo miki takardar ofis ranar Litinin in Allah ya kai mu. Alhaji Ɗan'azumi, idan ba za ku damu ba, ina so in zo shago bayan La'asar gobe da littafin lissafina, mu bi kuɗin dizal da albashi layi-layi kamar yadda suka kasance a wurinku. Maman Sadiq kuma, uwargida ta karanta bayaninki, ta ce in tambaye ki ko Hajiyar Sabon Tasha ta riga ta kama wuri, ko kuwa akwai damar a yi maganar Malali.